Ko ka sani? Akwai na'urar da ke leƙa gonakin Faskari duk bayan kwana 16

Ko ka san cewa akwai na'urar da ke ratsa samaniyar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da hantsi, ta ɗauki hoton gona da daji da fadama, ta wuce ba wanda ya ji motsinta? Sunanta Landsat, tauraron ɗan'adam ne na Amurka. An harba na farko ranar 23 ga Yuli, 1972, shekara 15 kafin a ƙirƙiro jihar Katsina. A yau biyu ke bakin aiki, na 8 da aka harba a 2013 da na 9 da ya bi bayansa a 2021. Kowannensu na shawagi a nisan kilomita 705 daga ƙasa, yana kewaye duniya cikin minti 99, yana ɗaukar zirin ƙasa mai faɗin kilomita 185. Bayan kwana 16 sai ya komo daidai inda ya bi. Da yake ba tare suke tafiya ba, wuri ɗaya kan sha hoto duk kwana takwas.

Kada ka zaci yana hango ka kana huɗa. Kowane ɗigo a hotonsa mai launi fili ne na mita 30 tsawo, mita 30 faɗi, wato filin ƙwallo sukutum bai wuce ɗigo takwas ba. Mutum da saniya da bukka duk narkewa suke yi cikin ɗigon. Masu tambayar me ya hana shi nuna maɓoyar 'yan bindiga, amsarsu ke nan, ba don wannan aka ƙera shi ba.

Gwanintarsa a wani wuri take. Akwai hasken rana da idon mutum ba ya gani, wanda ke gaba da launin ja. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, amma wancan ɓoyayyen sai ya mayar da shi sama da ƙarfi. Ruwa kuwa haɗiye shi yake yi. Don haka tauraron na iya bambance masarar da ta sha taki da wadda ta yi yaushi, ya ware madatsar ruwan Mairuwa da fakon da ke gefenta, ya nuna inda dajin Kogo ko na Rugu ya yi duhu da inda gatari ya yi masa sanƙo.

Sai dai hoton bai zama taswira ba tukuna. Dole mai bincike ya koya wa kwamfuta: wannan ɗigon gona ce, wannan saura, wannan gari, wannan makiyaya. Daga nan ita kuma ta bi sauran miliyoyin ɗigo tana jefa kowanne a rukuninsa. A nan ne ƙasarmu ke yi wa na'ura wasa da hankali. Gidan ƙasa mai rufin soro launinsa ɗaya da gonar da aka girbe, sai ƙauye guda ya ɓace a taswira. Ramukan farar ƙasa na Ƙanƙara na iya ƙyalli tamkar rufin kwano. Inda aka yi ƙunar daji ya yi baƙi har a ɗauka tafki ne. A watan Agusta, lokacin da aka fi son ganin shuka, girgije ya rufe komai. Da hunturu kuma hazo ya dusashe hoton. Ga gawo, wanda ke kaɗe ganye da damina ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa. Wanda bai san halinsa ba sai ya ga kore a watan Fabrairu ya rubuta noman rani. Burtalin da gonaki suka matse har faɗinsa bai kai ɗigo ɗaya ba kuwa, ko alamarsa ba za ta fito ba, alhali a kansa ake zubar da jini.

Duk da haka amfaninsa ba kaɗan ba ne. Tun 2008 hotunan Landsat kyauta ne, bayan a da sai an biya ɗaruruwan daloli kan guda. Ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-Ma na iya sauke hoton Sabuwa na shekarun 1980 ya jera shi da na bana, ya auna hekta nawa daji ya koma gona. Turai ma ta harba nata, Sentinel-2, a 2015, mai ɗigon mita 10. Nijeriya ta taɓa shiga sahun da NigeriaSat-1 a 2003.

Daga auna jiya sai aka zarce zuwa hasashen gobe. Dabarar da aka fi amfani da ita tana ɗauke da sunan Markov, wani masanin lissafi ɗan Rasha. Ana duba yawan dajin da ya zama gona tsakanin shekaru biyu, a ƙaddara cewa haka za a ci gaba, sannan a ce wa kwamfuta ta fi zaɓar wuraren da ke kusa da hanya ko gari. Lissafi ne mai kyau a inda rayuwa ke tafiya yadda ta saba.

To a wannan yanki ba ta tafiya yadda ta saba. Duk hasashen da aka gina a kan shekarun kwanciyar hankali cewa zai yi gona za ta ci gaba da cin daji. Bai san za a kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ba, bai san manomi zai bar gonar gado saboda tsoron a sace shi ko a ɗora masa harajin girbi ba. Gonar da aka bari shekara uku, sabara da kalgo sun rufe ta. Daga sama kore ne, kuma wanda ke zaune a ofis zai iya rubuta cewa daji na farfaɗowa. A ƙasa kuwa, mai gonar na gudun hijira a Funtuwa yana sayen masara da tiya.

Wannan rauni ana iya juya shi ya zama amfani. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da hotunan Sentinel-2 a yankin Mopti na Mali a 2019, ta gano ƙauyukan da gonakinsu suka tsuke saboda rikici, a wuraren da ma'aikatanta ba sa iya zuwa. Ya kamata gwamnatin Katsina ta riƙa yin irin wannan ƙidaya kowace kaka, ta san gonakin da aka bari kafin ta raba taki ko tallafi.

Kai kuma ɗalibi ko jami'in da ke zana taswirar Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, kafin ka sa wa ɗigo suna, nemi mai unguwa da ardo da tsofaffin manoman wurin, ko da a waya ne, ka tambaye su wa ya nome filin bara, kuma me ya hana shi bana.