Mariƙin Taga Mai Gilashi Biyu: A Auna Kafin A Saya

Daga Wakilinmu

A cikin dukan kayayyakin da ke jikin taga babu wanda ya kai mariƙi shan wahala, babu kuma wanda aka raina kamarsa. Kullum safe a murɗa shi, kullum dare a murɗa shi, shekara da shekaru, har ran da zai gaji ya karye, ko kuwa ya riƙa juyawa a banza ba ya kama komai. Daga ranar nan taga ta tashi daga aiki komai tsadarta, domin ko dai ta ƙi rufuwa ɓarawo ya sami hanya, ko ta ƙi buɗuwa a ranar da ake bukatar mafita.

Wannan matsala an fi saninta a Ingila da sauran ƙasashen Turai masu sanyi, inda aka daɗe ana amfani da taga mai gilashi biyu. A Ingila kaɗai fiye da kashi 80 cikin 100 na gidaje irin wannan taga ce a jikinsu, saboda haka 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a can ba su rasa yin karo da ita. A nan gida ma akan gan ta a manyan otal-otal da ofisoshi da waɗansu sababbin gidaje. Abin da masu wannan sana'a suka haɗu a kansa shi ne, ba a sayen mariƙin irin wannan taga da ido. Sai an san irinsa, an kuma auna shi.

ASALIN TAGAR

Taga mai gilashi biyu, kamar yadda sunanta ya nuna, fallen gilashi biyu ne aka haɗa, aka bar 'yar tazara a tsakaninsu wadda sau da yawa takan kai milimita 16, aka liƙe gefunan sarai. A cikin tazarar nan akwai busasshiyar iska, ko kuma wata iska da ake kira agon. Wannan iska da aka kulle ita ce ke rage wucewar zafi, watau ɗumin ɗaki ba ya saurin fita lokacin hunturu, sanyin na'urar sanyaya ɗaki kuma ba ya saurin tsiyayewa lokacin bazara. Har wa yau tana rage ƙarar motoci da hayaniyar titi.

Wani Ba'amurke mai suna Thomas Stetson ya yi rajistar wannan dabara tun a 1865, amma sai cikin shekarun 1940 aka shiga sayar da ita sosai a Amurka da sunan Thermopane. Jamusawa kuma suka fara yin firam ɗin taga da roba mai ƙarfi cikin shekarun 1950. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, kuɗin ɗumama gida ya gagari mutane da yawa a Turai, sai aka yi ta rububin tagar. Cikin shekarun 1980 tagar roba ta bazu a Ingila. Tagogin da aka sa a wancan zamani da na bayansa su ne yanzu mariƙansu ke gajiya, alhali kuwa firam ɗin da gilashin suna nan lafiya lau.

To, duk amfanin nan da muka lissafa ya dogara ne a kan taga ta rufu gam. A gefen ƙyauren tagar akwai zaren roba mai laushi, mariƙi kuwa shi ne ke jawo ƙyauren ya danne wannan roba. In ya yi sako-sako, iska da ƙura da ruwan sama duk sun sami ƙofa, gilashi biyu ya koma daidai da guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

IRE-IREN MARIƘI

Abu na farko shi ne mutum ya gane irin mariƙin da ke jikin tagarsa, gama wani ba ya shiga gurbin wani.

Wanda ya fi yawa a tagogin yanzu shi ne wanda masu sayarwa ke kira esfag. Sunan an gutsuro shi ne daga wata kalmar Faransanci mai nufin 'yar Sifen. Alamarsa ita ce tsinken ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke fitowa daga bayansa, mai kaurin milimita 7. Tsinken yana shiga wani ɗan akwati mai haƙora da ke ɓoye cikin ƙyauren taga. Da an murɗa mariƙi sai haƙoran su tura doguwar sakata, ita kuma ta kama firam a wuri biyu ko uku ko fiye a lokaci guda. Sukuru biyu ne ke riƙe da shi, tazarar da ke tsakaninsu kuwa galibi milimita 43 ce.

Na biyu shi ne kokspa, wanda aka fi samu a tsofaffin tagogin roba da na alminiyam. Turawa sun ba shi wannan suna ne don kamarsa da ƙayar nan da ke bayan ƙafar zakara. Shi ba shi da tsinke, ba shi da akwati. Wani ɗan harshe gare shi wanda ke hawa kan wani ɗan tudun roba da aka manna a firam, ya danne taga. Masu tagar alminiyam mai buɗewa waje a garuruwanmu za su gane shi, don irinsa ne ko ɗan'uwansa a yawancin tagoginsu.

Na uku shi ne na tagar nan mai buɗewa iri biyu, wadda aka fi sani a Jamus, inda wani maƙeri mai suna Wilhelm Frank, wanda ya kafa kamfanin Roto, ya fara ƙera ƙarafanta da yawa a 1935. In mariƙinta yana kallon ƙasa taga a kulle take. In aka kwantar da shi sai ta buɗe gaba ɗaya zuwa cikin ɗaki kamar ƙofa. In aka ɗaga shi sama sai kanta kaɗai ya karkato don shan iska. Tsinkensa ma milimita 7 ne, amma sai an sami wanda zai yi rabin kewaye cikakke, domin esfag na yau da kullum rubu'in kewaye kawai yake yi.

Akwai kuma wasu tsofaffi da ke da ƙarfe mai faɗi kamar bakin wuƙa a maimakon tsinke. Waɗannan suna da wuyar samu, ya kamata a tafi da tsohon gun mai sayarwa ya gani da idonsa.

A TABBATA INDA CIWON YAKE

Kafin a kashe ko kwabo, ya kyautu a tabbata mariƙin ne ya lalace. Mutane da yawa sukan sayo sabo su ɗaura, su tarar taga tana nan yadda take, don kuwa laifin na akwatin sakata ne.

Gwajin ba shi da wuya. A buɗe taga, a kwance mariƙin, a sa bakin sukudireba mai faɗi a ramin nan mai kusurwa huɗu, a juya a hankali. In sakata ta motsa sama da ƙasa ba gardama, to akwatin lafiyarsa ƙalau, mariƙi ne ya ci. In kuwa ramin yana juyawa sakata ba ta motsi, haƙoran akwatin ne suka karye, sabon mariƙi ba zai yi maganin wannan ba.

Har ila yau, a tambayi dalilin karyewar. Yawancin mariƙan nan da narkakken ƙarfe mai tutiya ake zuba su, wanda ba ya lanƙwasa, sai dai ya ɓalle. Abin da ke ɓalla shi kuwa shi ne ƙarfin tuwo. Sakata ta bushe ba mai, ko ƙura ta cika ta, ko ƙyauren ya ɗan sauka daga hinjinsa har sakata ba ta daidaita da mazauninta, sai mai gida ya riƙa dannawa da dukan ƙarfinsa. In ba a gyara wannan ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi, wataƙila ya tafi da akwatin, allura ta tono garma. A ƙasa irin tamu mai ƙurar hunturu, share sakata da ɗiga mata ɗan mai mara kauri ko da sau ɗaya a shekara ya zama wajibi.

YADDA AKE AWO

Kwance esfag aikin 'yan mintoci ne. A murɗa shi zuwa inda yake tsayawa in taga tana buɗe, sai kan sukuru guda ya bayyana a ƙarƙashin hannun. Ɗayan yana ɓoye ƙarƙashin wani ɗan murfin roba, a ɓamɓare shi da bakin wuƙa. Da an kwance su biyun sai mariƙin ya zaro.

Awo mafi muhimmanci shi ne tsawon tsinke. Ana auna shi daga gindin mariƙi, watau inda yake kwanciya a jikin taga, zuwa ƙarshen tsinken. Akwai na milimita 15, da 20, da 30, da 40, har fiye da haka, gwargwadon zurfin akwati a cikin ƙyauren. In ya gaza ba zai kai ga haƙora ba, ko kuwa ya kama da ɗan bakinsa kawai ya cinye ramin. In ya yi tsawo mariƙin ba zai zauna daram ba. Amma gara mai tsawo da gajere, domin mai tsawo ana iya rage shi da zarton yankan ƙarfe. Wanda tsohon tsinkensa ya ɓace sai ya zura siririyar waya a ramin ya auna zurfinsa. Kada kuma a yi kuskuren sayen na ƙofa, gama tsinken mariƙin ƙofa galibi milimita 8 ne, ba zai shiga ba.

Sa'an nan a duba siffar hannun. Akwai miƙaƙƙe, wanda ke juyawa kowane ɓangare, shi kowace taga ya samu zai yi. Akwai kuma mai lanƙwasa, wanda aka karkatar don kada yatsu su gogi firam, shi kuwa akwai na dama akwai na hagu. Hanyar da ta fi tsare mutum daga ruɗani ita ce ya tsaya daga cikin ɗaki ya lura da ɓangaren da mariƙin ke bi in za a buɗe, ko yana bin hannun agogo ko yana saɓa masa, ya faɗa wa mai sayarwa haka.

Shi kokspa awonsa daban ne. Ana auna tazarar da ke tsakanin gindinsa da ƙarƙashin harshensa. An fi samun milimita 9 a tagar alminiyam, da milimita 21 a tagar roba, akwai kuma 13 da 17 a tsakani. In tazarar ta yi yawa taga za ta riƙa kaɗawa iska na shiga, in ta yi kaɗan harshen ba zai hau ba. Wani lokaci ma mariƙin lafiyarsa lau, ɗan tudun robar ne ya goge, canza shi kaɗai ya wadatar. A kuma auna tazarar ramukan sukuru, domin ta kokspa ba ɗaya ba ce a kowane kamfani. Wajen ɗaurawa, in sababbin sukurun sun fi tsofaffin tsawo, a yi amfani da tsofaffin ko a rage sababbin, kada su tokare wani abu a ciki.

MAKULLI, YARA DA GOBARA

Bayan awo sai zancen da ya fi kowanne nauyi, watau ko a sayi mai makulli ko mara makulli. A Ingila kamfanonin inshora da yawa sukan sa sharaɗin cewa tagogin ƙasa, da duk waɗanda ɓarawo zai iya kaiwa gare su, su kasance masu kullewa da ɗan makulli. Wanda ya maye gurbin mai makulli da mara makulli don neman araha yana iya samun gardama ran da aka yi masa sata ya je neman diyya. 'Yan sandan ƙasar kuma suna da wani shiri mai suna Secured by Design, wanda aka kafa a 1989, mai ba da shaida ga kayan ƙofa da taga da suka ci jarrabawar tsaro.

Amma makullin da ke hana ɓarawo shiga yana iya hana mai gida fita. Ƙa'idodin gini na Ingila sun bayyana girman tagar da za a iya tsira ta cikinta lokacin gobara: faɗinta da tsawonta kowanne kada ya gaza milimita 450, filin da ke buɗewa kada ya gaza murabba'in mita 0.33, gindinta kuma kada ya fi milimita 1,100 daga daɓe. Don irin wannan taga ne ake yin mariƙi mara makulli mai koren madanni, wanda mutum zai danna ya buɗe ko cikin duhu da hayaƙi. Wanda ya ga koren madanni a tagar ɗakin kwanansa, ya nemi irinsa. In kuwa mai makulli ne, a ajiye makullin kusa da tagar, inda kowane babba a gidan ya sani.

Ga masu ƙananan yara a gidan bene kuma akwai haɗarin faɗowa. Yawan faɗowar yara daga tagogi ne ya sa birnin New York ya kafa doka a 1976, wadda ta tilasta wa masu gidajen haya sa shinge a tagogin gidan da ke da yaro ɗan shekara 10 ko ƙasa da haka. A Ingila akan ɗaura ɗan ƙarfen da ke hana taga buɗewa fiye da milimita 100, wanda babba zai iya sakinsa in bukata ta taso. Ga taga mai buɗewa iri biyu kuwa, akwai mariƙin da ke barinta ta karkata kawai, ba ta buɗewa gaba ɗaya sai da makulli.

Daga ƙarshe, mai haya ya sanar da mai gida kafin ya taɓa komai, domin galibi gyaran irin wannan yana wuyan mai gida ne. Mai gidan kansa kuma ya tuna cewa mariƙi a Ingila bai cika wuce fam 10 zuwa 20 ba, sabuwar taga kuwa ɗaruruwan fam ce. Saboda haka in wani ya ce sai an canza tagar ɗungum don mariƙi ya karye, a nemi shawarar wani ma'aikacin. A kwance tsohon, a auna shi, a rubuta awon a takarda, a tafi da shi kanti a aza shi kusa da sabon. Matambayi ba ya ɓata.