Yoyon haske a kyamarar fim

Yoyon haske matsala ce da ke faruwa idan haske ya sami wata kafa ya shiga cikin kyamarar fim ba ta idonta ba, ya taɓa fim ɗin kafin a wanke shi. Alamarsa ita ce jan dabbare, ko ruwan goro, ko fari fat a jikin hoto, wani lokaci kuma hoton gaba ɗaya ya dusashe. Masu hoto a ƙasar Hausa kan ce fim ya ƙone, ko da yake babu wuta a cikin lamarin. Abin da haske ya ci ba ya dawowa, domin ba a sake ɗaura auren da aka riga aka ɗaura don mai hoto ya gyara aikinsa.

Asalin kalma

Kalmar kyamara ta zo wa Hausa ta hanyar Turanci, amma tushenta Latin ne, inda take nufin ɗaki. Ɗaki mai duhu da ƙaramar huda a bango shi ne kakan kowace kyamara, kuma Ibn al-Haisam ya yi bayanin yadda yake aiki a littafinsa Kitab al-Manazir a farkon ƙarni na 11. Saboda haka kalmar yoyo ta dace da wannan matsala fiye da yadda ake zato. Tulu yana yoyo ne ruwa ya fita, ɗaki kuwa yana yoyo ne ruwa ya shigo, kuma irin yoyon ɗaki kyamara take yi.

Tarihi

Tsofaffin kyamarori na katako masu ƙafa uku, waɗanda aka daɗe ana ɗaukar hoton fasfo da su a kasuwannin Afirka ta Yamma, da baƙin ƙyalle ake tare musu haske. Da kamfanin Kodak ya fito da fim mai lamba 135 a cikin gwangwani a 1934, sai kyamara mai ƙofa a baya ta yawaita. Da farko ana toshe gefen ƙofar da kwarmi mai lanƙwasa, da zaren ulu, da karan-miski. Daga shekarun 1960 kamfanonin Japan suka koma amfani da baƙin soso na roba saboda arharsa da sauƙin liƙawa. Shi ake samu a Yashica Electro 35 ta 1966, da Olympus OM-1 ta 1972, da Canon AE-1 da Pentax K1000, dukansu na 1976.

Irin waɗannan kyamarori ne masu hoto suka riƙa yawo da su a kan keke ko babur a garuruwa irin su Bici da ƙauyukan da ke kewaye da ita, suna ɗaukar biki da suna da hoton Sallah, sannan su kai fim birnin Kano, tafiyar kimanin kilomita 40, a wanke. Kyamarar dijital da wayar salula sun karya wannan sana'a bayan shekarar 2000. A duniya ma haka: AgfaPhoto ya durƙushe a 2005, Konica Minolta ya sanar da barin harkar kyamara da fim a 2006, Kodak kuma ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012. Kyamarorin suka koma cikin adaka da ƙasan gado, kuma wanda ya ɗauko ta mahaifinsa a yau da wuya ya tarar da soson lafiya.

Dalilai

Babban dalili shi ne ruɓewar soso. Robar da aka yi shi da ita tana lalacewa da shekaru, zafi da laima kuma suna gaggauta hakan. Ko dai ya marmashe kamar gari, ko ya narke ya zama baƙin danƙo mai kama da kwalta. Yanayin arewacin Kano bai bar masa komai ba: zafin bazara kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka, damina ta kawo laima, hunturu kuma ya cusa ƙura a cikin danƙon.

Akwai wasu dalilan. Ƙofa kan lanƙwashe idan kyamara ta faɗi. Kyamara mai zugazugi kan tsage a kusurwoyin naɗinta. Labulen ƙyalle da ke buɗe wa fim haske kan huje, musamman a kyamarorin da ba su da madubi a gabansa, irin su Zorki da FED na Tarayyar Sobiyat, domin idan aka bar idonsu yana kallon rana yakan tattara hasken ya ƙona labulen.

Gano inda yoyon yake

Dodon hoto, wato fim ɗin da aka wanke, ya fi hoton takarda faɗin gaskiya. Idan tabon ya tsallake iyakar hoton ya kai ga hujojin gefen fim, to hasken daga ƙofar baya ya shigo. Idan ya tsaya a cikin iyakar hoton, sai a zargi labule ko zugazugi.

Launi ma shaida ne. Fim mai launi yana da shimfiɗu uku, kuma wadda ke jin jan haske ita ce a ƙasa, kusa da bayan fim. Hasken da ya shigo ta baya ita yake fara tararwa, shi ya sa tabonsa ke fitowa ja ko ruwan goro. Wanda ya shigo ta gaba yakan fito fari.

Inda masu koyo suka fi ruɗewa shi ne surar tana sauka a kan fim a kife. Tabon da ke saman hoto daga ƙasan kyamara ya fito, na hagu kuma daga dama. Sannan yoyon gefen hinji yana cin fim ɗin da ke kusa da kwarkwaron naɗewa, wato hoton da aka riga aka ɗauka, ba wanda ake shirin ɗauka ba. Idan aka ga tabon ya fi muni a hotunan da kyamara ta daɗe a ajiye bayan ɗaukarsu, wannan wurin za a fara dubawa.

Ana iya gwaji da tocila a ɗaki mai duhu: a buɗe baya, a haska labule ko zugazugi daga ciki, a duba ko haske na tsirgowa. Gwajin ƙofa kuwa sai da fim. A ɗauki rabinsa haka nan, a liƙe gefen ƙofa da baƙin salatif na masu wayarin, a ɗauki sauran, a gwama.

Yadda ake gyara

Kayan aikin ba su da yawa: tsinken sakace, audugar goge kunne, sifirit na kantin magani, reza, da abin da zai maye gurbin soson. Kafin a fara, a rufe labule da guntun kwali, domin ɗigon danƙo ɗaya a kansa ya fi yoyon illa.

Kankare tsohon soso shi ne aikin da ke cin lokaci, kuma a nan ake gane mai haƙuri. Ana jiƙa shi da sifirit kaɗan, a bi kwarmin ƙofa da tsinke, a goge, a sake, har auduga ta daina yin baƙi. Ba a sa ƙarfe, don yana kankare baƙin fenti, wurin da ya yi ƙyalli kuma yana mayar da haske. Ba a sa man goge farce, don yana narkar da roba.

Ana sayar da sabon soso mai gam a baya, kaurinsa daga milimita 1 zuwa 2, amma samunsa a Bici ko ma Kano ba tabbas ba ne. Baƙin zaren ulu na masu saƙa yana shiga kwarmin sama da na ƙasa daidai, ba ya buƙatar gam sai ɗan kaɗan a bakinsa biyu, kuma ba ya narkewa. A wannan yanayi namu ya fi soso ma'ana. Gefen hinji kuma ana liƙa masa siririn ƙyallen karan-miski daga ragowar tela, ko wanda ke bakin tsohon gwangwanin fim, da ɗan gam irin na masu gyaran takalmi. Sufa gulu bai dace ba, tururinsa yana barin farin hazo a gilashi.

A kwarmin sama akwai wani ɗan ƙarfe da ke mayar da lambar ƙirga hotuna zuwa farko idan an buɗe ƙofa, dole a bar masa gurbi. Kada kuma a cika kauri: ƙofar da sai an danna ta da ƙarfi za ta lanƙwashe, yoyo ya dawo ta wani wurin.

Kyamara mai madubi tana da wani soson a saman akwatin madubin, wanda ke rage masa bugu. Shi ma yana narkewa, amma yana dab da allon da ake saita hoto a kansa, allon kuma roba ce mai laushi da sifirit ke ɓatawa. Wanda hannunsa ke rawa gara ya kai wa mai gyaran agogo. Ƙananan hujojin labule da na zugazugi ana toshe su da baƙin fenti na tufafi, a bar shi ya bushe sarai kafin a motsa.

Ajiya

Bayan gyara a fara gwada kyamarar da fim ɗaya a tsakar rana kafin a je da ita wurin biki. A riƙa sa fim da cire shi a inuwa. Ba a barin kyamara a cikin mota ko but ɗin babur, kuma da damina ta fi son wuri mai iska a kan jakar fata da aka rufe, domin laima na tsirar da fumfuna a cikin idonta.