Kafin Roka Ta Tashi: Wa Ke Sa Hannu A Kan Kuɗin Makamai?

A shagunan cajin waya na Nasarawa a Birnin Kebbi, bidiyon makami mai linzami yana tara matasa kamar wasan ƙwallo. Ana gardama kan gudunsa da nisan zangonsa, amma da wuya a ji wanda ya tambayi inda kuɗin sayensa ya fito. Tambayar kuwa ta taɓa girgiza Majalisar Dattawan Najeriya.

Jiragen yaƙi 12 ƙirar A-29 Super Tucano da aka sayo daga Amurka sun iso a 2021, an kuma ajiye su a sansanin sojin sama na Kainji a Jihar Neja, maƙwabciyar Kebbi. Cikin makaman da ke tare da cinikin akwai rokoki masu bin hasken lesa. Dabararsu mai sauƙi ce: ana ɗaukar roka ta gama-gari, a saka mata wani sashe mai ƙananan idanun lantarki a fukafukai. Matuƙi ko soja a ƙasa ya haska abin da ake son kai wa hari, rokar ta bi ɗigon hasken har ta same shi. Ga mutanen Argungu da Augie, da suka san ɗacin harin 'yan bindiga, wannan ba labarin fim ba ne.

Matsalar tana wajen biyan kuɗin. A Afrilun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya rubuta wa majalisa cewa ya riga ya amince a cire kimanin dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur, saboda wa'adin da Amurka ta bayar ya matso. Wato an biya tukuna, sannan aka nemi izini. Sashe na 80 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana taɓa kuɗin gwamnatin tarayya ba da yardar majalisa ba. Sanata Matthew Urhoghide ya miƙe ya nemi a yi aiki da sashe na 143, mai magana kan tsige shugaban ƙasa. Aka miƙa batun ga kwamiti, ƙurar ta lafa. Ko da jiragen suna da amfani, majalisar da ake sanar da ita bayan kuɗi ya fita ta zama 'yar kallo.

A Amurka, majalisa ce ake fara sanarwa kafin babban cinikin makamai. A 2017 sanatoci Cory Booker da Rand Paul sun nuna adawa da wannan ciniki, bayan jirgin sojin Najeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann. Haka yarjejeniyar New START, wadda ta taƙaita kawunan nukiliya masu dogon zango da Amurka da Rasha suka girke zuwa 1,550 kowacce, sai da Majalisar Dattawan Amurka ta amince da ita a Disambar 2010.

Najeriya ba ta da makamin nukiliya, amma tana da hannu a wannan fage. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai ƙaramin injin binciken nukiliya da ya fara aiki a 2004. A 2018 aka sauya masa makamashi, aka mayar wa China sinadarin yuraniyom mai ƙarfi, irin wanda ake gudun ya faɗa hannun masu ƙera bam. A Agustan 2020 kuma ƙasar ta tabbatar da yarjejeniyar haramta makaman nukiliya. Sai dai sashe na 12 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a cikin gida sai majalisa ta zartar da ita.

Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana saka kasafin kowace shekara a shafinsa na intanet, har da kason Ma'aikatar Tsaro. Datar da za a kashe wajen sauke shi ba ta kai ta dogon bidiyo ɗaya ba.