Shin Ko Kun San? Kalmomin Turanci Masu Nufin "Ba Ƙarshe"

Shin ko kun san cewa infinite, kalmar nan da ɗan sakandare a Ƙanƙara ke cin karo da ita a darasin lissafi, uwarsu ɗaya da finish da final? Dukansu daga finis ta harshen Latin suka fito, wato iyaka. Ɗan "in" da ke gabanta shi ne ke kore iyakar, kamar yadda mu ke cewa marar iyaka. Alamarta kuwa, takwas ɗin nan da ya kwanta a gefe, wani masanin lissafi na Ingila, John Wallis, ya fara amfani da ita a 1655. In kuna son ganinta da idonku, ku raba 1 gida 3 a takarda. Za ku yi ta rubuta 0.333 har biro ya ƙare, ukun ba ta ƙare ba.

Bahaushe yakan ce kuɗi malala gashin tunkiya, amma fa gashin tunkiya yana ƙirguwa in an sami mai haƙuri. Haka googol take, wato 1 da sifiri 100 a bayansa. Yaro ɗan shekara 9, Milton Sirotta, ya raɗa mata suna, daga nan kamfanin Google ya samo nasa. Duk girmanta tana da ƙarshe, don haka ba ta shiga wannan dangi.

Shin ko kun san eternal ta fi everlasting nauyi? Everlasting ta abin da ya fara ne amma ba zai ƙare ba. Eternal kuwa masana addini sukan keɓe ta ga abin da ba shi da farko, ba shi da ƙarshe. Wannan bambanci ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna a makarantar zaure. Cikin sifofi 20 da ake karantawa a tauhidin Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, akwai ƙidamu, rashin farko, akwai baƙa'u, rashin ƙarshe. Almajiri ya riga ya san abin tun kafin ya ji shi da Turanci. "Har abada" da "dawwama" ma daga Larabci muka aro su, sai dai "tutur" da "dindindin" sun fi daɗi a bakina.

Da na ambaci dindindin sai na tuna permanent. Ita ce a sunan katin zaɓen da aka fara aiki da shi a faɗin ƙasa a zaɓen 2015, ita ce kuma a muƙamin babban sakataren ma'aikata. To amma mai wannan kujera, da ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, sai ya tattara takardunsa. Dindindin ɗin gwamnati ke nan.

Wadda manomin Faskari zai fi saurin ganewa ita ce perennial. Asalinta "shekara ta zagayo yana nan". Masara, dawa da auduga sai an sake shuka su kowace damina. Gamba kuwa a yanke ta a yi zana, wuta ma ta bi ta kanta da rani, da ruwan farko ya sauka sai ka ga tushenta ya tofo kore shar. Shi ya sa ake dasa ta a kan iyakar gona, ta zama shaidar da ba ta ƙaura in rigima ta taso tsakanin maƙwabta.

Iyakar gonar nan ita ta haifi kalma ta ƙarshe. Rumawan da suna kiran dutsen da ake kafawa tsakanin gona da gona terminus, har suna da gunki mai wannan suna, suna yi masa biki kowace ranar 23 ga Fabrairu, masu gonakin biyu su haɗu a wurin dutsen. Daga nan aka sami term, zangon karatun da 'yan makarantar Sabuwa ke ƙirga kwanakin ƙarewarsa. Daga nan kuma interminable ta fito. Ku kula da ita a jarrabawa, domin Bature ba ya yabon abu da ita, ƙorafi yake yi. Ita ce ta dace da mai jawabin da ya karɓi lasifika a wurin walima, ya ce "daga ƙarshe" har sau huɗu, shinkafa ta huce a cikin kula, ladan kuma ya kira la'asar.