Ruwan Zafi, Fatar Ɗan Adam da Kuɗin Diyya

Kwanakin baya ina zaune a teburin wani mai shayi a tashar motar Illela, sai hira ta gangaro kan ƙasar Amurka. Wani direba ya ce ai can ƙasar mahaukata ce, don an taɓa ba wata tsohuwa dala miliyan uku saboda kawai ta zuba wa kanta kofi. Aka kwashe da dariya. Mai shayin ya ce da haka ake yi a nan, da tuni 'yan kamasho sun raba shi da butarsa da bencinsa.

Labarin gaskiya ne, ya kuwa daɗe yana yawo a duniya a matsayin misalin ƙarar banza, wato irin ƙarar da mutum kan kai kotu don kwaɗayin kuɗi alhali ba a yi masa wata ɓarna ta kirki ba. Sai dai kafin a ce ƙara ta banza ce, akwai tambayoyi biyu da dariya ba ta amsa su: shin raunin ya kai yadda ake faɗa, kuma mene ne ya jawo shi? Duka biyun tambayoyi ne na ilimin halittu kafin su zama na shari'a.

Sunan matar Stella Liebeck, shekarunta 79 a lokacin. A watan Fabrairu na 1992, a garin Albuquerque, ta sayi kofi a wani shagon kamfanin McDonald's. Jikanta ne ke tuƙi, ya kuma tsayar da motar don ta zuba madara da sukari. Ta maƙale kofin tsakanin gwiwoyinta, garin cire murfi sai ya kife mata a cinya. Wandon auduga da ke jikinta ya tsotse ruwan ya manne shi a fata. Zafin kofin da kamfanin ke sayarwa a lokacin yana tsakanin digiri 82 da 88 a ma'aunin Salshiyas.

Domin mu gane abin da wannan adadi ke nufi, sai mu dubi fata. Fatar ɗan Adam hawa biyu ce. Akwai ta sama, siririya, wadda kullum take saɓulewa tana sabuntawa. Ƙarƙashinta akwai mai kauri, inda hanyoyin jini suke, da jijiyoyin jin zafi, da saiwoyin gashi, da 'yan buhunan da ke fitar da gumi. Ƙwayoyin halittar da suka gina waɗannan hawa biyu cike suke da furotin, shi kuwa furotin ba ya jure zafi. Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan a aji ba tare da kashe kuɗi ba: a zuba farin ƙwai a ƙaramar kwalba, a sa ta cikin tukunyar ruwa bisa wuta, a tsoma ma'aunin zafi. Da zarar an ɗan haura digiri 60, farin ƙwan zai fara daskarewa, kuma ko an sauke an bar shi ya huce ba zai koma yadda yake ba. Abin da ke samun fata ke nan.

A 1947 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Moritz da Henriques, suka auna wannan al'amari a tsanake, a kan fatar aladu da ta mutanen da suka ba da kansu. Sun gano cewa ƙuna ta dogara ne ga abu biyu a haɗe, yawan zafi da tsawon lokaci. A digiri 44 sai an yi kamar awa shida kafin fata ta lalace. Daga nan zuwa digiri 51, duk ƙarin digiri ɗaya yakan rage lokacin da rabi. A digiri 60 magana ta koma ta 'yan daƙiƙoƙi, a 70 kuwa ko daƙiƙa ɗaya ba ta cika. To, kofin da ya zubo wa Liebeck ya wuce 80, ga yadi ya riƙe shi, ga fatar tsufa wadda ta fi ta matashi siranta.

Likitoci sun kasa ƙuna mataki uku. Ta farko ja kawai take yi da raɗaɗi. Ta biyu takan yi bororo, amma muddin saiwoyin gashi da buhunan gumi sun tsira, daga cikinsu sabuwar fata za ta tsiro ta rufe wurin. Ta uku ita ce wadda ta cinye hawa biyun duka. Abin mamaki, tsakiyar irin wannan ƙuna ba ta ciwo, don jijiyoyin da za su kai saƙo sun mutu. Kuma ba ta rufewa da kanta in tana da faɗi, sai an yanko fata daga wani sashe na jiki an dasa. Ita wannan ta uku ce ta sami Liebeck a kashi 6 cikin 100 na jikinta. Tafin hannun mutum haɗe da yatsu kimanin kashi 1 ne na faɗin fatarsa, sai mai karatu ya jera tafin hannu shida a cinyoyinsa ya gani. Ta kwana takwas a asibiti, aka yi mata dashen fata, jinya kuma ta ja ta wajen shekara biyu. (Bari in tsarma wata magana a nan, tun da ruwan zafi da man tuya ba sa rabuwa da gidajenmu: maganin farko na ƙuna shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi na minti 20. Ɗanyen ƙwai da man goge baki da ƙanƙara ba sa ƙara komai sai wahala.)

Da farko dala 20,000 ta nema don kuɗin asibiti, kamfanin ya ce 800 zai bayar. Sai aka je kotu a 1994. A Amurka, irin wannan shari'a ana ɗebo mutanen gari ne su zauna su saurari shaidu, su ne kuma ke yanke ko akwai laifi da nawa za a biya. An nuna musu cewa cikin shekara goma kafin nan kamfanin ya sami koke fiye da 700 na ƙuna. Suka yanke mata dala 200,000, suka zabge kashi 20 cikin 100 don ita ma da nata sakacin, ya rage 160,000. Sannan suka ɗora dala miliyan 2.7 ta horo, wato kimanin cinikin kofi na kwana biyu a kamfanin. Wannan adadin ne ya zaga duniya har ya iso tashar Illela. Abin da bai iso ba shi ne alƙali ya rage kuɗin horon zuwa 480,000, daga baya kuma ɓangarorin suka sasanta a asirce.

A ganina haushin da jama'a ke ji yana da tushe ta fuska ɗaya. Raunin dai an auna shi, amma farashinsa ƙiyasi ne na mutanen da aka tara rannan, kuma wasu da aka tara a wani gari za su iya yanke wani abu dabam. Mu a nan alƙali ne ke yankewa, kuma fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure ya bi wata hanya tun tuni: rai raƙuma 100 ne ko dinari 1,000, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta burge ni a matsayina na mai nazarin halittu, cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Likitan ƙuna zai yarda da wannan, domin sau da yawa ba a sanin zurfin ƙuna sai bayan kwana biyu ko uku.

Tambaya ta biyu, ta sanadi, ita ce mai wuya, kuma ba sai mun je Amurka neman misalinta ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa. Ana cikin haka kamfanin magunguna na Pfizer ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano ya gwada wani sabon magani, Trovan, a kan yara. Yara 200 aka ɗauka, kimanin rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su sanannen magani mai suna ceftriaxone don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi ko taɓin ƙwaƙwalwa.

To, maganin ne ya yi ɓarnar, ko cutar? A shari'ar kofi ba a yi wannan gardama ba, don lafiyayyar fata ba ta ƙonewa haka kawai. Sanƙarau kuwa shi kansa yakan kashe kamar ɗaya cikin goma ko da an ba da magani, kuma cikin waɗanda suka tsira har ɗaya cikin biyar kan tashi da naƙasa irin wadda aka lissafa. Duk wanda ya girma a yankin Sakkwato zuwa Ƙonni, inda cutar ke zuwa da bazara, ya san kurman da sanƙarau ya bari ba tare da wani gwajin magani ba. Bambancin 5 da 6 a cikin rukunin ɗari-ɗari bai isa ya wanke magani ba, bai kuma isa ya kama shi ba, don irin wannan tazara takan faru bisa katari. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi kisan. Iyayen kuwa ƙarfin hujjarsu yana wani wuri dabam: sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba, sannan an rage adadin maganin da aka ba rukuni na biyu. Kamfanin ya ce an nemi yardar da baki ta hannun ma'aikatan jinya. A kan batun yardar ne wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka, a watan Janairu na 2009, ta ba iyayen damar ci gaba da ƙararsu.

Gwamnatin Jihar Kano ta shigar da tata ƙarar a 2007, kuma a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Miliyan 35 aka ware don waɗanda aka yi gwajin a kansu. Nan fa wata matsalar ta ɓullo, domin yara 200 aka yi wa gwaji amma masu neman diyya sun haura 500. Ba lalle ne a ce duk rarar maƙaryata ba ne. A tsakiyar annoba, uwa da ke goye da yaro a sume ba ta tsayawa tantance wace tawagar likitoci ce ta karɓe shi, kuma shekara 13 ta isa ta gauraya abin da aka tuna.

Sai aka koma ga gwajin DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, wanda kowane yaro ke samun rabinsa daga uwa, rabi daga uba. Aka riƙa kwatanta na masu nema da samfurin da aka ɗiba daga jikin yaran tun 1996. Wannan gwaji yana iya cewa yaron wane yana cikin 200 ɗin, amma ba ya iya cewa Trovan ne ya kurmantar da shi. Iyalai da yawa sun ƙi shi da farko, suna ganin wata dabara ce ta hana su haƙƙinsu, musamman da yake samfurin da za a kwatanta da shi daga hannun kamfanin ya fito. A watan Agusta na 2011, shekara 15 bayan annobar, aka biya iyalai huɗu na farko dala 175,000 kowanne. Yaran da suka rayu daga cikin 200 ɗin, a lokacin, da yawansu sun riga sun isa aure.