Tsohon Kafet Ya Koma Sabon Zare

A ƙasashen sanyi, kamar Birtaniya da Amurka, ba ɗan kilishi ake shimfiɗawa a tsakar ɗaki ba. Akan rufe daɓen ne ɗungum da kafet, daga bango zuwa bango, a kafe shi. In ya shekara goma ko fiye, ya koɗe, sai a ɓamɓare shi a yar. An ƙiyasta a Birtaniya kaɗai abin da ake zubarwa ya kai wajen tan 400,000 kowace shekara. A dā kusan dukansa a rami ake binnewa.

To, binnewa ba ta raba mutane da shi. Yawancin kafet na zamani ba da ulun tumaki ake yinsa ba, da zaren roba ne, watau nailan da danginsa, waɗanda asalinsu man fetur ne. Irin wannan zare ba ya ruɓewa kamar auduga, ko gara ba ta kula shi.

Mai sauraro zai ce, me ya hana a narke shi a sāke wani? Abin da ya hana shi ne, kafet hawa-hawa ne. Akwai gashin sama da ake takawa, akwai saƙar da aka soka gashin a cikinta, sa'an nan ga danƙo da aka kwaɓa da garin alli ya manne su kam. In an narke su tare, sai a sami gauraye maras daraja. Saboda haka dole a rarrabe. Ma'aikaci yakan ɗora wata 'yar na'ura a kan gashin, ta haska shi da wani haske wanda ido ba ya gani, nan take ta nuna irin zaren. Daga nan injuna su daddatse shi, su kakkaɓe allin.

Nailan iri biyu ne suka fi yawa. Wallace Carothers na kamfanin DuPont a Amurka ya ƙago na farko a 1935, ana ce da shi nailan 6,6. A 1938 wani Bajamushe, Paul Schlack, ya samo na biyu, nailan 6. Wannan na biyu yana da wani hali mai ban sha'awa. Kamar carbi yake, wanda aka jera 'ya'yansa duk iri ɗaya, masana na kiransu kafrolaktam. In aka gasa shi da zafi mai tsanani da tururi, sai carbin ya tsinke, 'ya'yan su warwatse. A tace su, rini da datti su fita, a sāke jera su. Zaren da ya fito ba ya kāsa wanda aka yi da man fetur. Kamfanin Aquafil na Italiya ya fara wannan aiki a ƙasar Sulobeniya a 1 ga jerin masana'antunsa cikin 2011, yana haɗawa har da tsofaffin komayen masunta, ya sa wa zaren suna Econyl.

Amfanin bai tsaya ga tattalin mai ba. Wajen haɗa sinadaran sabon nailan akan saki wata iska, naitros oksaid, wadda ta fi iskar kabon riƙe zafin duniya wajen sau 270.

Amma ba kowane kafet ke samun wannan gata ba. A dā a Birtaniya akan yayyanka wani a gauraya da yashi, a shimfiɗa a filin horar da dawaki. Mai yawa kuma a tandun siminti yake ƙarewa, a maimakon kwal. Akan lissafa wannan cikin abin da ya tsira daga rami, gaskiya ne, sai dai zaren da ya ƙone ya tafi ke nan.

Saura batun kuɗi, gama rarrabewar tana da tsada. A 2010 jihar Kalifoniya ta kafa doka, wadda ita ce ta farko irinta a Amurka, cewa mai sayen sabon kafet ya biya ɗan ƙari domin tattara tsoho. An fara karɓa a watan Yuli na 2011, senti 5 a kan kowane yadi murabba'i, daga baya aka yi ta ƙarawa.