Kilomita 42 A Ƙafar Ma'aikacin Ofis

Hawan jini ne ya kore ni daga kujerar ofis zuwa bakin titi. Wata huɗu na yi ina gudu bayan asuba a Kaduna, cikin hunturu, maƙwabta suna tambaya ko lafiya.

Da na je gudun fanfalaki na Legas a Fabrairun 2020, sai na tarar sanyin arewa ya yaudare ni. Gumi ya jiƙa ni tun kafin mu hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12. A kilomita na 32 cinyoyina suka ƙi, na koma tafiya, har wata dattijuwa ta wuce ni tana ba ni haƙuri.

Na isa Eko Atlantic bayan sa'a biyar da rabi, 'yan Kenya sun daɗe da yin wanka.